Darasi na 9: Me ya sa shagon da ke ci yake durƙushewa?

Duk wanda ya daɗe a Jos ya san shaguna a Bauchi Road ko Katako da a da sai ka bi layi, yanzu in ka leƙa rabin kanta wayam, an jera kwalayen da ba komai a ciki don a rufa asiri. Wasu gobara ce ta cinye su, irin ta babbar kasuwar Terminus a 2002, wannan sai dai mu ce Allah ya mayar da alheri. Amma da yawa a hankali suka zube, kuma tun ana tsaka da ciniki ɓarakar ta fara.

Babbar cutar ita ce cin uwar kuɗi ba a sani ba. A ce ka saro katan ɗin sabulu ₦10,000 ka sayar ₦11,500, kana murna ka ci riba, ka koma sari ka tarar ya zama ₦12,000. To ina ribar? Ko katan ɗin da ka sayar ba za ka iya mayarwa ba sai ka cika ₦500 daga aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kaya suka yi ta tashi, wannan lissafin ya kwantar da mutane da yawa, wallahi abin tausayi, mutum yana ta ciniki jarinsa yana ƙanƙancewa. Saboda haka kafin ka yanka farashi buga wa dila waya ka ji kuɗin sari na yau, a kansa za ka ɗora ribarka.

Sai aljihu ɗaya, cefane da kuɗin makaranta da gudunmawar biki duk daga durowar shago, ga bashin 'yan uwa da kunya ta hana a rubuta. Yanka wa kanka albashi, kar ka wuce shi.

Akwai kuma sakin jiki, maigida ya bar wa yaron shago komai, ya daina jin me kwastoma ke tambaya. Ko Nokia da a da kowa ke riƙewa, da wayoyin shafa suka zo ta yi jinkiri, a 2014 sashen wayarta ya koma hannun Microsoft.

Aikin gida: a samo littafi, a raba shafi uku, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi da sunan mai shi. A cika kullum bayan an rufe shago, a zo da shi aji mako mai zuwa mu duba tare.