Yadda Ƙungiyar Ci Gaban Gari Za Ta Nemi Tallafin Ƙaramar Hukuma

Da wuya a sami gari a ƙasar Hausa da babu ƙungiyar da ke yashe magudanan ruwa kafin saukar damina, ko gyara katangar maƙabarta, ko tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse idan ta tsaya. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi da karo-karon mambobi kaɗai suke tafiya, alhali ayyukan da suke yi suna cikin nauyin da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 na Najeriya. Jadawali na Huɗu na kundin ya ambaci kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara, sannan ya ba su hannu a ilimin firamare da noma da kiwon lafiya. Saboda haka ƙungiyar da ta je sakatariya da irin wannan buƙata tana da hujjar da za ta tsaya a kai, in dai ta je a shirye.

Shirin yana farawa ne daga takardu. Ƙungiya ta rubuta tsarin mulkinta, ta zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji a gaban jama'a, ta kuma riƙa rubuta abin da aka zartar a kowane zama. Daga nan sai ta yi rajista a sashen ƙaramar hukuma mai kula da walwala da ci gaban al'umma, wanda galibi yakan nemi sunayen shugabanni da takardar shaida daga dagaci ko hakimi. Rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ta fi tsada da ɗaukar lokaci, domin sai an naɗa amintattu an kuma buga sanarwa a jarida, amma takan taimaka wajen buɗe ƙofar tallafin gwamnatin jiha da na ƙungiyoyin waje. Asusun banki kuwa lallai ya kasance da sunan ƙungiya, kuma kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu aƙalla. Kuɗin jama'a da aka ajiye a asusun mutum ɗaya, ko da shi ne mafi amana a gari, yakan zama mafarin zargi da rabuwar kai.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne zaɓen abin da za a nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta doguwar takarda mai ɗauke da buƙatu goma, daga asibiti har zuwa taransifoma, a rufe da roƙon a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Irin wannan takarda ba ta ba jami'in da ya karɓe ta abin da zai kama. A zaɓi aiki guda, a auna shi, a sa magini ko injiniyan sashen ayyuka ya fitar da ƙiyasi: tsawon magudanar mita nawa ne, buhun siminti nawa, tifar yashi da tsakuwa nawa, rodi nawa. Sannan a bayyana a fili abin da gari zai ɗauka da kansa, wato aikin gayya, ɗibar ruwa, ciyar da leburori da kuɗin da aka riga aka tara. Wannan tsari na haɗa hannu sananne ne, domin shirin raya al'umma mai suna CSDP da Bankin Duniya ya tallafa a jihohi da dama ya gudana ne bisa sharaɗin al'umma ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, ta kuma zaɓi kwamitin da zai gudanar da shi. A ganina, ya fi dacewa ƙungiya ta nemi kayan aiki a kan tsabar kuɗi, domin siminti da kwano kowa yana ganin saukarsu yana ƙirga su, kuma jami'i ya fi sakin jiki wajen amincewa da su.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Shekarar kuɗi tana farawa ne a Janairu, ana kuma haɗa kasafi a watannin ƙarshe na shekarar da ta gabace ta, don haka buƙatar da ta isa tun watan Agusta ko Satumba ta fi samun shiga. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya ƙarfafa hujjar masu neman a yi musu aiki daga sakatariya, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa.

Takardar kanta a rubuta ta zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓa, tare da sa hannun dagaci ko mai unguwa, a haɗa da kwafin rajista da ƙiyasi da hotunan wurin. A kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi. A ware mutum biyu masu haƙuri da ladabi su riƙa bin sawunta daga ofis zuwa ofis, kuma a guji jingina ƙungiya da wata jam'iyya, domin shugabanni suna sauyawa aikin kuwa na gari ne.

Idan tallafi ya fito, a ƙirga kayan a gaban shaidu, a ajiye rasit na duk abin da aka saya, a karanta lissafi a taron gari. Bayan kammala aiki a rubuta rahoto gajere mai ɗauke da hotunan kafin aiki da bayansa, a gayyaci shugaban sashen ayyuka da kansila su gani da idonsu, sannan a miƙa kwafin rahoton a sakatariya domin ya shiga fayil ɗin ƙungiya kafin a rubuta buƙata ta gaba.