Yadda za ka yi furojet kan gangamin intanet irin su #EndSARS

Ɗalibai 'yan'uwa da ke UNILAG da LASU, in gangamin soshiyal midiya ka ɗauka a furojet ɗinka, don Allah kar ka fara da ƙirga tiwit, fara da neman abin da masu gangamin suka ce suna so da bakinsu, shi ne ma'aunin da za ka auna komai da shi.

Ɗauki #EndSARS. Tun 2017 ake yaɗa maudu'in, sai a Oktoban 2020 ya mamaye tituna. Ran 11 ga watan aka ce an rushe SARS, wato rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, amma mutane ba su koma gida ba, saboda buƙatu 5 suka gabatar: a saki waɗanda aka kama, a yi wa waɗanda aka kashe adalci a biya iyalansu diyya, a kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, a duba ƙwaƙwalwar jami'an a sake horar da su, sannan a ƙara wa 'yan sanda albashi. To ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanne aka yi, wanne aka yi rabi, wanne aka share, kuma ka nemo rahoton kwamitin Mai shari'a Doris Okuwobi na 2021 kan harbin da aka yi wajen zanga-zanga a Lekki ran 20 ga Oktoban 2020 ka karanta da kanka.

Sai ka kwatanta da #NotTooYoungToRun, su babbar buƙatarsu ita ce a rage shekarun tsayawa takara, kuma a 2018 Buhari ya sa hannu a dokar, shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake barin muryar mutanenmu a waje, wallahi yana min ciwo. Lokacin da Legas ke cewa a rushe SARS, matasan Arewa da yawa maganar tsaro suke yi, kuma yawancin hirar da Hausa ake yinta a Facebook da WhatsApp. Ka shiga Agege da Idi-Araba da Mile 12, ka zauna wajen mai shayi ka tambayi 'yan kasuwa da 'yan acaba yadda suka ga abin, amma ka nemi izininsu kafin ka naɗi murya kuma ka sakaya sunayensu.

Duk fos ɗin da ka gani ka ɗauki hotonsa da kwanan wata nan take, mutane na gogewa. Kuma in ka ga shiru a Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin ne gwamnati ta rufe shi, sai ka faɗi hakan a babin da ka yi bayanin yadda ka tattara bayananka.