Abin Yi Idan Nama Ya Maƙale a Maƙoshi

Idan yankan tsire ko guntun kilishi ya tsaya a hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, a fara duba numfashi. Wanda yake magana, yana kuma haɗiye yawunsa, zai iya kurɓar ruwa kaɗan ya jira na ɗan lokaci. Wanda yawu ke dalala daga bakinsa kuwa, hanyar ta toshe sarai, sai a garzaya da shi sashen gaggawa, kamar na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna.

A asibiti likita kan gwada allurar gulukagon, miligiram 1 ta jijiya, domin ta sassauta tsokar da ke ƙofar ciki loma ta wuce. Ba kullum take aiki ba, takan kuma jawo amai, shi ya sa ba a yarda a jinkirta zura na'urar hangen ciki saboda ita. Ana son a fitar da abin kafin awa 24.

Kada a danna shi da lomar tuwo ko ayaba, musamman idan ana zaton akwai ƙashi. Haka kuma kada a sha sinadarin gwanda mai tausasa nama, domin yana iya huda maƙoshin kansa.