Babi na Tara: Yi wa Tocila Lagwani

Waɗanda suka taso da fitilar ƙwai sun san daɗin lagwani. In dare ya raba, sai a murza shi ƙasa, haske ya koma kamar na garwashi, kowa ya yi barcinsa. Mai jego ta ga bakin jaririnta, ta ba shi nono, maigida bai ko motsa ba. Yau kananzir ya yi tsada, tocila ta maye gurbin fitila a yawancin gidajenmu. Ta fi aminci ƙwarai, don ba ta kama gidan sauro ko zana da wuta. Sai dai yawancin ƙananan tocilolin da muke saye a kasuwar Wudil ran Juma'a abu biyu kawai suka sani, ko a kunne ko a kashe. Ba su da lagwani. A wannan babi za mu yi musu.

Abin da ya sa na saka wannan darasi a littafin nan, wata dattijuwa ce a ajinmu na yamma. Ta zo tana hamma, na tambaye ta lafiya.

Ta ce, "Wallahi Malam, jikana ne. 'Yata ta zo wankan gida. Da yaron ya yi ɗan motsi sai ta dalle tocila, shi kuwa da ya ga haske sai ya wartsake, ya hau kuka. Daga nan babu mai runtsawa sai asuba."

Na ce, "Inna, gobe ki taho da tocilar, da ɗan kwalin shayi ko na sukari."

Ta ce, "Kwali kuma, Malam?"

Na ce, "Shi ne lagwanin."

Yadda ido yake da duhu

Ku duba idon ɗan'uwanku da rana. Ɗan baƙin nan na tsakiyar ƙwayar ido ƙarami ne. A duhu yana buɗewa don haske ya shiga da yawa. Can cikin ido kuma akwai wasu ƙwayoyi masu aikin gani a duhu, amma ba sa shiryawa nan take. Sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kai ƙarfinsu. Shi ya sa in ka fito daga ɗaki mai haske ba ka ganin komai a tsakar gida, amma in ka ɗan zauna sai ka fara ganin turmi, ka ga randa, har ka ga akuya a turke.

Farin haske mai ƙarfi yana rushe wannan shiri cikin ƙiftawar ido. Ka haska, ka kashe, ka koma kamar makaho, sai ka sake jira. Bayan haka yana korar barci, don jiki yakan ɗauka gari ya waye. Jan haske mai rauni ba ya yi wa ido wannan ɓarnar sosai. Masu duban taurari da matuƙan jirgin ruwa sun daɗe suna amfani da shi saboda haka. Ƙwari ma sun fi rububin farin haske fiye da ja, kuma duk wanda ya taɓa cin tuwo da tocila a farkon damina ya san abin da shinge ke yi wa miya.

Lagwanin kwali

Wannan ita ce hanyar da na fi so, don ba a kashe ko sisi, kuma ba a ɓata tocila. Za ku nemi kwali, almakashi ko reza, fensir, ƙusa, ɗan ƙyallen farar takarda, da salatif ko zare.

Kifa bakin tocilar a kan kwali, ka zagaye shi da fensir. Yanke da'irar da ta fito. Sa ƙusa ka huda tsakiyarta. Fara da ƙaramin rami, kamar girman ƙwayar dawa. Kada ka yi gaggawar faɗaɗa shi. Ƙaramin rami ana iya ƙara shi, babba kuwa sai dai a sake yanko wani kwalin. Liƙa farar takarda a bayan ramin. Aikin takardar shi ne ta baza hasken ya yi laushi, kada ya fito tsinin tsiya kamar kibiya. Sai ka ɗora kwalin a kan gilashin tocila, ka kama gefe ɗaya da salatif.

Gefe ɗaya na ce, ku lura. In ka liƙe gefe ɗaya kawai, kwalin ya zama kamar ƙyauren ƙofa. Kana cikin ɗaki, ka rufe. Za ka fita waje, ka ɗaga shi da ɗan yatsa, cikakken haske ya dawo. Wasu tocilolin bakinsu yana kwancewa. Irin waɗannan ana iya sa kwalin daga ciki a murɗa murfin, ya fi kyan gani, amma ba ya ciruwa da sauri. Ni ban ba da shawarar haka ba sai ga mai tocila biyu.

Kada ku gwada aikinku da rana, zai yaudare ku. Da rana za ka ga kamar ba ta haska komai, ka yi ta faɗaɗa rami, dare ya yi ka tarar ka wuce gona da iri. Bari sai bayan isha'i. Shiga ɗaki, zauna a duhu kamar minti 10, sannan ka kunna. In kana ganin takalminka da bakin ƙofa da kofin ruwa, ya isa.

Jan haske

Mai son ja sai ya nemi jar leda mai shara-shara, irin ta alawa ko biskit. Wanke ta, shanya ta bushe. Ninka biyu ko uku, rufa a bakin tocila, ɗaure da zare. Kowane ninki yana ƙara rage haske. Ana iya haɗa ta da kwali, a sa ledar a wurin farar takarda. Wasu suna shafa jan farce a gilashi. Yana aiki, amma cire shi wahala ne, kuma maganin goge shi yana dusar da gilashin roba.

Bayan ka rufa leda ko kwali, bar tocilar a kunne minti 5, ka taɓa bakinta. In da zafi, cire. Tsohuwar tocila mai ƙwan gilashi da manyan nan masu dogon zango suna ɗaukar zafi, leda za ta iya narkewa. Ƙananan masu ƙwan zamani, wanda masu gyara ke kira LED, da wuya su yi zafi.

Akwai wurin da jan haske ke cutarwa, kuma ina roƙon mata su riƙe wannan da kyau. Yana ɓoye launi. A ƙarƙashinsa ba za ki bambance jar ƙwayar magani da fara ba. Jini ba ya fita sosai. Idon jariri in ya yi ɗorawa saboda shawara, ba za ki gani ba. Duk lokacin da za a auna magani, ko a duba ciwo, ko a duba jikin jariri mara lafiya, a cire leda a yi da farin haske. Kuma ko wane iri ne, kada a saita shi a idon jariri. A haska bango ko rufin ɗaki, hasken da ya dawo ya wadatar.

In ana son batir ya daɗe

Kwali da leda suna tare haske ne kawai. Tocilar tana nan tana shan batir kamar da. Mai son rage cin batir sai ya je wurin mai gyaran rediyo ya ce a sa masa rizista. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, da waya a kowane gefe, da zane-zanen launi a jikinsa.

Masu noman rani za su fi kowa gane aikinsa. In ruwa ya yi yawa a fangali, ai ba a kashe inji, ƙuntata bakin hanyar ruwan ake yi da ƙasa. Haka rizista ke yi wa wutar da ke tafiya daga batir zuwa ƙwai.

Ga ɗan lissafi. Ana auna ƙarfin wutar batir da bolt, kuma kowane ƙaramin batir irin na rediyo yana da bolt 1.5. Tocila mai batir uku ke nan 1.5 + 1.5 + 1.5 = 4.5. Farin ƙwan LED yana buƙatar kamar bolt 3. Ana auna ƙarfin rizista da om, kuma in lambar ta hau, haske ya sauka. Mai om 100 zanensa ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Mai om 470 zanensa ɗorawa, shuɗi mai ja-ja, ruwan ƙasa. Na biyun ya fi dacewa da ɗakin kwana. Mai gyara zai yanke waya ɗaya tsakanin makunni da ƙwai, ya haɗa rizistan a tsakani da dalma. Ka ce ya gwada maka biyun a gabanka, ka rufa riga ko hula a kai ka ga wanda ya yi maka. Wannan dabara ta fi tafiya da tocila mai batir uku marar tarkace a ciki. Ka tuna kuma in an sa, haske ya ragu ke nan har sai an cire.

Tocilar caji, wadda ake sokawa a soket, kada ka buɗe ta da kanka. Wutar soket bolt 230 ce, tana kisa. Batirin cikin wasunsu kuma irin na wayar hannu ne, in aka huda shi ko wayoyinsa suka haɗu yakan kama da wuta. Irin wannan kwali ya ishe ta. 'Yan mitsi-mitsin tociloli na jikin maƙulli su ma a bar su a rufe. Batirinsu kamar maɓallin riga yake, yaro in ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi. In hakan ta faru, asibiti kai tsaye, ba a jiran gari ya waye.

Waje ba ɗaki ba ne

Duk abin da muka koya na cikin ɗaki ne. Da zarar za ka taka ƙasar waje, zuwa banɗaki, ko rumbu, ko masallaci da asuba, ɗaga kwalin nan. Kububuwa da dare take yawo, launinta kuma irin na ƙasa ne, tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a arewacin Najeriya. Kunama ma haka take, ga ta da son gindin bango da cikin takalmi. Raunin haske ba zai nuna maka su ba. Haska gabanka taku uku ko huɗu, haska cikin takalmi kafin ka zura ƙafa, musamman da damina da lokacin girbi, sa'ad da aka tara dammuna da kara a gida.

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: tocila, lagwani, kwali, haske, batir, rizista.

Rediyonka yana cin batir 4. Bolt nawa ke nan?

Yi wa tocilar gidanku ƙyauren kwali, ka kwana uku kana amfani da ita. Ran darasi na gaba ka taho da ita, da ragowar kwalin da almakashi, don wanda raminsa ya yi faɗi ya sake yanko wani a aji.