Kurakuran da aka fi yi wajen zuba kabon a tankin murjani

Da yawa sun ɗauka kabon ɗin ne da kansa ke cire naitiret da fosfet, wato dattin da kashin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa, a'a. Ko binigar ka zuba ko sukari ko bodka ko NoPox, haɗin da kamfanin Red Sea ke sayarwa, duk kabon ne, abinci kawai ka ba bakteriya su hayayyafa su cinye dattin, sannan sikima, na'urar da ke tace datti daga ruwa, ta kwashe su cikin kumfa. To in sikimarka ba ƙarfi ko ma babu ita, ina dattin zai je? Yana nan cikin ruwanka. Fara gyara sikima tukuna, ka riƙa zubar da kofinta akai akai don zai riƙa cika da wuri.

Sai gaggawa, wallahi ita ta fi kashe kifi. Mutum ya ga naitiret ya kai ppm 40 (ma'aunin yawansa a ruwa) sai ya antaya kabon da yawa rana ɗaya, washegari ruwa ya yi fari fat kamar hazo, kifi sun taru a sama suna haki saboda bakteriya sun shanye oksijin. In haka ta faru tsaya da zubawa, ka ƙara motsin ruwa a sama har ya washe. Da bodka ana farawa ne da kamar mil 0.1 a lita 100, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan duk sati, kuma kar a manta bodka mai kashi 40 ta ninka binigar mai kashi 5 wajen sau takwas, ba awo ɗaya ba ne. Da rana ake zubawa fitila na kunne, da dare oksijin da pH (ma'aunin tsamin ruwa) dama a ƙasa suke.

Wasu kuma burinsu awon naitiret da fosfet ya nuna sifili. Murjani ma fa yana buƙatar abin ci, in ka ƙarar da komai zai koɗe, dino kuma, wasu ƙananan halittu masu yauƙi launin ƙasa, ya mamaye yashi, wanda ya sha fama da dino ya san ba wasa ba ne. Bar naitiret tsakanin ppm 2 zuwa 10, fosfet ppm 0.03 zuwa 0.1, da ka ga sun sauka sai ka rage kabon da kake zubawa zuwa rabi, kar ka yanke lokaci ɗaya. Alkaliniti ma, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, riƙe shi wajen 7 zuwa 8 a ma'aunin dKH, in ya yi sama, ruwa kuma ba abinci, bakin rassan SPS, murjani mai tauri mai ƙananan baki, ƙonewa yake.

Bakteriya sun fi cin naitiret a kan fosfet nesa ba kusa ba, shi ya sa wani lokaci naitiret zai ƙare fosfet na nan daram. Ƙara kabon a nan ba zai yi komai ba, GFO, garin ƙarfe mai tsotse fosfet, za ka sa ko ka ɗan ɗaga naitiret ɗin.