Yadda za ku jera niyukiliyosom a kan jin (gene) da zare da marfin kwalba

'Yan bayokemistiri na nan Katsina, wannan darasin ba ya zama a ka sai an taɓa da hannu. Ku nemo zaren ɗinki wajen tela da marfin kwalbar lemo kamar goma. Zaren shi ne DNA, kowane marfi kuma dunƙulen furotin 8 ne da ake kira histon, H2A, H2B, H3, H4, kowanne biyu-biyu.

Ku naɗa zaren a jikin marfi zagaye ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, kar ya cika biyu. Marfin da naɗinsa shi ne niyukiliyosom, a cikin sel kuma wannan naɗin tagwayen haruffan DNA 147 ne. Ku bar ɗan tsirarin zare, sai marfi na gaba, kamar carbi dai.

To ga inda ake tafka kuskure, ba ko'ina ake sa marfi ba. Wajen furomota, wato gabanin jin (yankin DNA mai ɗauke da umarnin gado) inda ake kunna shi, ku bar fili fayau, don yawanci can haruffan A da T ke jere da yawa, musamman a yis, kuma irin wannan DNA ɗin tauri gare shi ba ya son lanƙwasa, ga injinan sel masu cin ATP (makamashin sel) irin su RSC suna ture histon gefe. Marfin farko bayan filin shi ne +1, ku ɗaure shi tamau, yana nan daf da inda ake fara kwafar jin. Na baya su bi shi da tazara kusan ɗaya, aikin injinan ISWI da CHD1 kenan, amma kuna nisa kuna sassauta ɗauri, don can ciki sahun ya fara karkacewa.