Abin hannu na gargaɗin lafiya ga mai ciwon sistik faibirosis: abin da za a rubuta a kai da yadda za a sa shi

Sistik faibirosis ciwo ne na gado, wanda yaro ke samu idan ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar halitta daga wajen uwa da kuma uba, kamar dai yadda ake gadon sikila, sai dai shi ya fi yawa a tsakanin Turawa. A Birtaniya akwai mutane fiye da 11,000 da ke ɗauke da shi, a Amurka kuwa sun kai kusan 40,000, kuma tun a 1989 masu bincike suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa shi, wadda ake kira CFTR. Matsalar ita ce majinar da jiki ke fitarwa takan yi kauri sosai, ta toshe hanyoyin huhu, ta hana pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, tura ruwan narkar da abinci zuwa hanji, sannan gumin mutum ya riƙa fita da gishiri fiye da ƙima. Duk wannan ba a ganin sa a fuska. Saurayin da ya faɗi a tashar jirgin ƙasa a Manchesta, ko yarinyar da aka ɗauko daga hatsarin mota, za su yi kama da kowa a idon ma'aikacin ɗaukin gaggawa, kuma idan ba sa iya magana, ba abin da zai faɗa masa cewa jikin da ke gabansa yana da wasu dokoki na daban sai abin da aka rubuta a jikin nasu.

Wani likita ne mai suna Marion Collins, a garin Turlock na jihar Kalifoniya, ya kafa gidauniyar MedicAlert a 1956, bayan 'yarsa ta kusa mutuwa sanadiyyar gwajin allurar tetanus da jikinta ya yi wa bori. Daga nan aka samo tsarin da ake bi har yau: ɗan farantin ƙarfe mai alamar likitanci ta maciji nannaɗe da sanda a gaba, bayanin ciwo kuma a sassaƙe a baya. Kamfanoni da yawa ke yin irinsa yanzu. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne farantin ƙarami ne ƙwarai, yawanci layi huɗu zuwa shida kawai yake ɗauka, don haka aikin gaba ɗaya shi ne zaɓen abin da ya cancanci waɗannan layuka.

Ba kowane mai wannan ciwo ba ne buƙatarsa ta kai ta wani. Wanda huhunsa ke da ƙarfi, ba ya allurar insulin, kuma babu maganin da jikinsa ke wa bori, zai iya wadatuwa da kati a aljihu da bayani a waya, ko da yake sa abin hannun ba zai cutar da shi ba. Amma wanda ke da ciwon suga, ko aka yi masa dashen huhu ko hanta, ko aka dasa masa na'urar shigar da magani a ƙirji, ko likita ya gargaɗe shi game da iskar oksijin, a ganina bai kamata ya fita ƙofar gida babu shi ba. Matakin farko shi ne a zauna da likita ko ma'aikaciyar jinya ta cibiyar da ke kula da mutum, a yi musu tambaya kai tsaye: idan aka kawo ni asibitin da ba a san ni ba, ba na cikin hayyacina, waɗanne abubuwa ne kuke so likitan can ya sani a cikin sa'ar farko? Amsar da suka bayar ita za a sassaƙa.

Layin farko suna ne, wasu kuma sukan ƙara ranar haihuwa domin a iya nemo fayil. Layi na biyu sunan ciwon, a rubuta shi cikakke da manyan baƙaƙe, CYSTIC FIBROSIS, kada a taƙaita shi zuwa haruffa biyu, domin ma'aikacin motar asibiti yana iya shafe shekaru bai haɗu da mai wannan ciwo ba, kuma ba lokacin cinke ba ne. Rubutun ya kasance da harshen da likitocin ƙasar da mutum ke zaune suke aiki da shi, Ingilishi a Birtaniya da Amurka da Najeriya, Faransanci a Faransa da Nijar.

Sunan ciwon shi kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Abin da ke sauya shawarar likita nan take shi ne abubuwan da ke biye da ciwon. Na farko shi ne maganin da jiki ke wa bori. Masu sistik faibirosis suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna kuma karɓar su ta jijiya, sau da yawa a tsawon rayuwarsu, saboda haka borin jiki ga irin su piperacillin da ceftazidime ya fi yawa a tsakaninsu fiye da sauran jama'a. Su kuwa waɗannan magunguna su ne ake saurin ɗaukowa idan an ga majiyyaci da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. A rubuta ainihin sunan maganin, kada a ce kawai mutum yana da borin magani. Wanda tobramycin ko danginsa suka taɓa masa ji ko ƙoda, shi ma ya tambayi likita ko ya dace a ambata.

Na biyu ciwon suga. Kimanin kashi 20 cikin 100 na matasa masu sistik faibirosis, da kashi 40 zuwa 50 na manya, suna samun wani nau'in ciwon suga da ke tafe da wannan ciwo, kuma da insulin ake magance shi. Mutumin da sugansa ya faɗi yakan riƙa gumi, yana tangaɗi, maganarsa tana sarƙewa, har wanda bai sani ba ya ɗauka a buge yake. Kalmar insulin a kan abin hannu za ta sa a tsire masa yatsa a gwada suga kafin a yi wani dogon tunani, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sayen sa.

Na uku dashe. Wanda aka yi wa dashen huhu yana shan magungunan danne garkuwar jiki irin su tacrolimus, waɗanda ba a tsallake su, kuma zazzaɓi kaɗan a jikinsa babban al'amari ne. Wannan bayani ya kamata ya zo kusa da sunan ciwon. Haka kuma wanda huhunsa ya yi rauni sosai, jikinsa na iya tara iskar kabon idan aka cika masa oksijin, shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta sa masu wannan ciwo cikin waɗanda ake lura da su, inda ake neman awon oksijin ɗinsu ya tsaya tsakanin 88 da 92 idan an tabbatar suna cikin wannan haɗari. Likita ne kaɗai zai yanke wannan, kada mutum ya rubuta wa kansa adadi don ya gani a wurin wani. Na'urar da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji domin shigar da magani ita ma ta cancanci ambato, saboda allura ta musamman ake huda ta da ita, kuma sanin tana nan zai iya rage wa majiyyaci wahalar neman jijiya.

Akwai batun da ya taso a 'yan shekarun nan. Tun da aka amince da Trikafta, wani sabon maganin wannan ciwo, a Amurka a watan Oktoba na 2019, aka kuma amince da shi a Turai da sunan Kaftrio a 2020, rayuwar masu ciwon da yawa ta sauya, wasu har suka ajiye abin hannunsu a durowa domin suna jin sun warware. Sai dai wannan magani ba ya jituwa da wasu sanannun magunguna. Rifampicin, wanda ke kan gaba wajen maganin tarin fuka, yana rage yawan ivacaftor, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin Trikafta, a jini da kusan kashi 90 cikin 100, haka kuma magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna rage ƙarfinsa, yayin da clarithromycin da itraconazole ke sa ya taru a jiki har sai an rage adadin da ake sha. Don haka sunan Trikafta ko Kaftrio ya cancanci layi guda idan akwai wuri. Layin ƙarshe kuwa lambar waya ce, ta wanda zai ɗauka ko da tsakar dare, tare da lambar ƙasa a gabanta.

Sauran bayanai sun fi ƙarfin farantin, amma ba a barin su a baya. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu ciwon suna buƙatar ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon a duk lokacin da za su ci, kuma asibitin da bai sani ba zai ba su abinci haka nan. Akwai toshewar hanji da ke samun su a gefen dama na mara, wadda ake iya ɗauka ciwon afendis ce, alhali galibi da magani da ruwa ake warware ta ba da tiyata ba. Akwai kuma ƙwayoyin cutar da ke zaune a huhun mutum, irin su Pseudomonas da Burkholderia, waɗanda saboda su ne ake son a keɓe masa ɗaki, a kuma bar tazarar kusan mita biyu tsakaninsa da wani mai irin ciwonsa. Duk waɗannan a rubuta su a kati, tare da jerin magunguna da lambar cibiyar da ke kula da shi, a lulluɓe katin da leda, a sa a jakar kuɗi. A cike sashen bayanin lafiya na waya, wanda iPhone da Android duk suke da shi kuma ake iya buɗewa ba tare da lambar sirri ba. Ƙungiyoyi irin su MedicAlert suna ajiye cikakken bayanin mambobinsu, suna da layin waya dare da rana, amma ana biyan kuɗi duk shekara. Ni dai ban cika yarda da abin hannun da ya dogara kacokan a kan lambar da ake haskawa da waya ko ɗan filashin kwamfuta ba, domin waya tana mutuwa, intanet yana ɗaukewa, asibitoci kuma ba sa yarda a cusa baƙon filashi a kwamfutocinsu. Su zama ƙari a kan rubutun da ido ke karantawa.

Wajen zaɓen ƙarfe, a tuna da gumin nan mai gishiri, wanda ke cinye ƙarfe mai arha da wanda aka shafa wa ruwan zinare cikin ɗan lokaci, ya bar kore a fata. Baƙin ƙarfe marar tsatsa da titaniyom sun fi jurewa, roba irin ta silikon kuma ta fi dacewa da yara da masu motsa jiki, wanda dama ana ƙarfafa wa masu wannan ciwo su riƙa yi. Namiji Musulmi da ke guje wa zinare ba shi da matsala a nan, tunda mafi ingancin ma ba na zinare ba ne. A nemi wanda aka sassaƙa da zurfi aka cike rubutun da baƙi, a kuma duba cewa alamar likitanci ta fito fili, domin wasu ana ƙawata su har su koma kamar awarwaron kwalliya, ma'aikacin gaggawa ya wuce su bai kula ba. Girman ya kasance yatsa ɗaya na iya shiga tsakaninsa da fata, yadda ba zai zame ba, kuma za a iya motsa shi ruwa ya ratsa wajen alwala. Sa shi a wuyan hannu ya fi rataya shi a wuya, saboda wuyan hannu ake fara kamawa domin jin bugun jini, amma wanda aikinsa na inji ne ya fi aminci da sarƙar wuya a ƙarƙashin riga.

Da yara ƙanana abin yana da sauƙi: lambobin uwa da uba, a sanar da makaranta, a riƙa duba girman yayin da hannu ke ƙaruwa. Matasa ne ke ba da aiki, domin wanda ya kai shekara 14 ba ya son abokai su riƙa tambayar sa me ke damun sa. Hanyar da ta fi aiki ita ce a bar shi ya zaɓi irin wanda yake so, ko ɗan farantin da ake maƙalawa a maɗaurin agogo, wanda rubutunsa ke fuskantar fata. Wanda ya zaɓa da kansa ya fi zama a hannunsa fiye da wanda aka ɗaura masa dole, da zai cire shi da zarar ya bar gida.

Iyalan da ke zaune a Turai ko Amurka, masu shirin zuwa gida hutu ko tafiya aikin Hajji da Umra, suna da ƙarin abin lura. Zafin Kano ko Damagaram a watan Afrilu, ko na Makka, yana iya zubar da gishirin jikin mai wannan ciwo cikin sauri, ya kawo amai da kasala da ruɗewa, kuma ruwa zalla ba ya mayar da abin da ya fita. Sannan ciwon ba kasafai ake gano shi a Afirka ta Yamma ba, ta yadda likitan da ya ga siririn matashi yana tari da kaki, wataƙila har da jini, tarin fuka zai fara zuwa masa a rai, kuma yana da hujjarsa, daga nan kuwa sai rifampicin. Kafin tafiya a karɓi wasiƙar likita mai bayyana ciwon da magungunan, a tambayi adadin gishirin da za a riƙa ƙarawa, a kuma sa lambar wani ɗan'uwa da ke ƙasar a kati da waya.

Bayanin da ya tsufa yana iya ɓatar da likita, don haka duk lokacin da aka fara insulin, aka sauya magani, aka cire na'urar ƙirji, ko mai lambar wayar ya canza layi, sai a sake farantin. Cibiyoyin kula da wannan ciwo suna yin babban binciken shekara-shekara ga kowane majiyyaci, kuma ranar ce ta fi dacewa a miƙa wa ma'aikaciyar jinya hannu ta karanta rubutun layi-layi, a gwada shi da abin da ke cikin fayil, a kuma tabbatar gogayya da gishiri ba su shafe wani harafi ko lamba ba.